Ba Ƙura, Ba Ƙara

Duk wanda ya zauna unguwar Yelwa ta Garwa a bazarar bara ya san Hisham, ko bai so ba. Shekara bakwai ya yi a Duwala, ya dawo da jaka ɗaya, da takalmi mai ƙarfe a baki, da hoto ɗaya a waya. Hoton nan kuwa daga mai shayi har mai facin taya babu wanda bai gan shi ba. Hisham ne tsaye cikin shuɗiyar rigar aiki a wani kamfanin kujeru, a bayansa ga injin tsotsar ƙura mai tsawon bene. Da kansa yake riƙe wayar, babban yatsansa danne a kusurwar ƙasa ta dama, ba ya yarda kowa ya karɓa, wai gilashin ba ya son baƙon hannu. In aka tambaye shi aikin da ya yi a can, sai ya gyara tsayuwa ya ce shi ne shugaban sashen ƙura gaba ɗaya.

Tun da ya dawo bai iya zama wuri ɗaya ba. Komai na Garwa ya yi masa kaɗan, titi ya yi ƙunci, mutane sun yi sanyi, har kogin Binuwai ya ce kamar an rage shi. Inda ya fi yada zango shi ne shagon kawunsa Brahim, ƙanin mahaifiyarsa, kafinta mai ƙarancin magana. A nan yake wuni yana gaya wa mutumin da ya shekara talatin da zarto a hannu yadda ake riƙe zarto.

Shagon na Hajja Kaltuma ne, bango ɗaya ya raba shi da tsakar gidanta. Shekara ashirin da biyu Brahim yana ciki babu wanda ya ji kansu, sai da ya sayi tsohon injin fere katako. Daga nan garin katako ya fara tsallake katanga, ƙara kuma ta bi shi. Ita kuwa Hajja kilishi take yi, sana'ar da marigayi mijinta ya bar mata, ita da 'yarta Fiddausi. Nama in an tsoma shi a labu an shanya, ko ƙuda ya sauka sai ya bar sawu, balle gari.

Ranar Litinin da hantsi ta fito da fallen kilishi ɗaya, ta ɗaga shi saitin rana a ƙofar shagon, gaban Sylvain bakaniken moto, wato babur, da ke tsallaken hanya, da duk wanda ke zaune. Ta ce ranar Asabar za ta shanya cinyoyin sa guda biyu da aka kawo mata daga Maiganga, na biki ne a Yawunde, mutane sun ba ta amana.

"Brahim, ni da kai ba mu taɓa sa-in-sa ba," in ji ta. "Amma ranar Asabar, in ƙwaya ɗaya ta garin nan ta faɗo a tsakar gidana, ka nemi wani shagon. In ba ta faɗo ba, ka zauna har ka gaji. Maganata ɗaya ce."

Da ta shige, Brahim ya zauna kan benci ya riƙe haɓa. Ƙofofi shida ke gare shi da za a ɗauka ranar Lahadi, katakon ƙarshe kuma sai Juma'a da yamma zai iso. Kashe injin ranar Asabar ba zai yiwu ba. Ya ce a hankali, ko dai a jiƙa buhuna a rataye su a kan katanga, a riƙa yayyafa ruwa a ƙasa.

Hisham ya yi dariya har da dukan cinya. Ya ce buhu jiƙaƙƙe ai aikin kakanni ne, kuma abin kunya ne a ce shugaban sashen ƙura yana raye a gida, kawunsa na shanya tsumma kamar mai wanki.

"Ka ba ni kwana huɗu, Kawu. Ba ƙura, ba ƙara. Hajja da kanta za ta leƙo ta tambaya ko mun tashi."

Brahim ya dube shi, ya dubi katangar, ya ce Allah ya sa.

Talata ta ƙare a tara kaya. Hisham ya samo inji da fankarsa daga wani mataccen injin casa, da shuɗin duron roba, da tiyo mai kauri, da tsohuwar katifa. Ya ɗauki alli ya cika bayan wata ƙofa da zane, yana yi wa masu kallo bayani. Tiyo zai tsotso ƙura daga bakin injin fere, ta shiga duro ta yi ta juyi har jiri ya ɗebe ta ta faɗi ƙasa, iska mai tsabta kuma ta fita abinta. Injin fankar kuwa za a sa shi cikin akwati a liƙe shi da katifa, ya yi ihunsa shi kaɗai. Sylvain ya tambaya ko an taɓa ganin ƙurar da ba ta jin jiri. Hisham ya ce irin wannan tambayar ce ta sa har yanzu yake kwance ƙarƙashin moto.

Laraba bayan azahar ya tara mutane don gwaji. Ya sa aka yi tsit, ya ɗaga yatsa sama, ya danna makunni. Shiru.

"Kun ji wani abu?"

Kowa ya ce bai ji ba. Hisham ya zagaya akwatin yana shafa shi kamar doki. Ya ce a Duwala ma sai an yi wata uku ana gyara kafin a kai wannan matsayi. Ya ɗebi garin katako ya watsa a bakin tiyo, garin ya zubo masa a takalmi. Ya ce injin yana ɗumama jiki ne. Sai ga kan Fiddausi ta saman katanga, ta taka turmi, ta kira shi shugaba da Faransanci.

"Shef, an ɗauke kuran tun hantsi fa. Firjinmu ma shiru yake, kuma bai taɓa zuwa Duwala ba."

Kafin dariya ta lafa kuran ɗin, wato wutar lantarki, ta dawo, makunni kuwa yana danne. Brahim ya sunkuya yana leƙa tiyon, sai hularsa ta bar kansa ta shige. Duron roba ya yi wani nishi, cikinsa ya lotsa, ya naɗe kamar gwangwanin da mota ta taka. Mutane suka watse zuwa bakin titi. Hisham ya tsaya a tsakiya ya ce yanzu dai kowa ya ga ƙarfi da idonsa, laifin duron ne da bai yi makaranta ba. Brahim ya matso. Ya zaro hularsa daga cikin duron, ya kakkaɓe, ya mayar.

Alhamis aka kawo duron ƙarfe. Hisham ya share duk garin katakon da ya taru a shagon tun Litinin ya zuba ciki, don in mutane sun zo ya buɗe ya nuna musu aiki. Wani ya lura cewa sharar tana yi masa kyau, ko ƙwaya bai bari a lungu ba. Hisham ya ce shugaba na gari sai ya san aikin na ƙasa da shi. Ya ƙara katifa a akwatin, ya buga ƙusa ta ko'ina, har makunnin ya rufe a ciki saboda wai shi ma yana yin 'ƙas'. Yanzu sai dai a haɗa waya a bango.

Aka haɗa da tsakar rana, irin ranar Garwa ta watan huɗu da ƙarfe ke ƙona hannu a inuwa. Injin ya yi gurnani cikin katifa na kwatan awa, sannan ya yi shiru, shirun da ya burge Hisham har ya fara buɗe baki zai yi tambayarsa. Sai hayaƙi ya fito ta tsagin akwatin, baƙi, mai warin ƙonannen soso. Sylvain ya tsallako da bokitin yashi, ya ɓalle murfin da ƙarfen taya. Hajja ta aiko Fiddausi ta tambaya wane ne ke babbakar kare a unguwa.

Injin bai mutu ba, suma ya yi. Sylvain yana share zufa ya ce ko mutum ka lulluɓe da katifa a wannan watan, kafin la'asar sai a yi masa salla. Dole a bar wa injin kafar shan iska. Hisham ya ce daman abin da yake shirin faɗa ke nan. Da aka buɗe kafa, ƙara ta dawo. Ya yi tsaye yana kallon hotonsa, can sai ya buga goshi. Injin Duwala yana da wani dogon ƙarfe a bakin fitar iska, silansiye ake ce masa. Shi ne kawai ya rage.

Juma'a da safe ya tsallaka garejin Sylvain.

"Silansiye nake so."

"Salansa?"

"Ku kira shi yadda kuka ga dama. Mafi ƙarfi da kake da shi."

To shi Sylvain wuni yake da samarin moto, kuma a bakinsu salansa mai ƙarfi ma'anarsa ɗaya ce: wanda aka fasa aka ƙwaƙule cikinsa, in ka taso daga gadar Binuwai a ji ka a kasuwa. Duk da haka bai so ya ɗauki alhaki ba. Ya tambaya ko irin wanda aka cire wa hanji yake nufi. Hisham bai taɓa sanin salansa yana da hanji ba, amma akwai mutum uku zaune a kan benci suna saurare.

"To da mai hanji zan sa? A Duwala ko kyauta aka ba mu mai hanji ba ma karɓa."

Sylvain ya ɗaga kafaɗa. Ya zaro guda huɗu daga tarin ƙarafa, ya yi musu walda a jikin bututu ɗaya, suka fito kamar yatsun hannu. Ya ce a gwada tukuna. Hisham ya ce gwaji na masu shakka ne, kuma yana so Hajja ta ji shirun nan sabo fil.

Wata dabara ya ƙara wadda shi kansa ta burge shi. Maimakon iskar ta fita kusa da katangar Hajja, sai ya ƙara tsawon bututun, ya bi da shi ta saman kwano har bayan shago, ya juya bakunan salansa huɗun suna kallon kangon da ke bayan gidan, filin da babu kowa sai ciyawa da tsohon bulo. Ko da an samu ƙwaya ɗaya marar jin jiri, can za ta faɗa, nesa da tsakar gida. Brahim ya ce wannan kam da hankali a ciki. Shi ne yabo na farko da Hisham ya samu a makon, ya kuma kai shi wurin mai shayi ya ninka shi uku.

Asabar da hantsi ƙofar shagon ta cika. Jan katako ya iso, Brahim ya ɗaura gyautonsa na aiki, fuskarsa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Hisham ya sa takalmin ƙarfe da rigar hoton. Ya yi jawabi gajere a kan yadda ƙasa ke ci gaba in 'ya'yanta sun dawo gida. Ya roƙi jama'a su kasa kunne da kyau, don abin da za su ji ba sa jin irinsa kullum. Sannan ya haɗa waya.

Gaskiya ya faɗa. Salansa huɗun suka ɗauka tare, kowanne da muryarsa, ɗaya na kuka, ɗaya na haushi, biyu suna rigima a tsakani. Kwanon shagon ya kama rawa. Awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Samarin moto suka fara ɓullowa ta kowane lungu, sun ɗauka tsere ake ba a gaya musu ba. Hisham yana ta buɗe baki yana rufewa, babu mai jin ko harafi. Sylvain ya toshe kunnuwa yana gyaɗa kai irin na mai sana'ar da aikinsa ya yi kyau.

Duron kuwa cike yake da sharar kwana huɗu, babu wanda ya tuna ya juye. Ƙurar da ta shigo ba ta samu wurin yin jiri ba, ta kwashi 'yan'uwanta na ciki suka bi bututu. Daga bayan shago wani jan gajimare ya tashi sama, ya tsaya kaɗan kamar yana neman adireshi, sannan ya sauka cikin kango.

Brahim ya ruga wajen makunni, ya tarar da ƙusa. Wutar da ke ɗaukewa sau uku a rana, ranar nan ta tsaya daram. Sai da ya fizge wayar daga bango da hannu biyu.

Cikin shirun da ya biyo baya, Hisham ya kakkaɓe riga ya ce ƙarar dai akwai ɗan gyara, amma a duba cikin shago, ko ƙwaya babu. Yana cikin faɗa Fiddausi ta zagayo ta lungu, ja wur daga ɗankwali har silifas, idanu kawai ake gani. A bayanta Hajja Kaltuma ce, tana tafe a hankali, riƙe da fallen kilishi da ya yi gashi kamar bargo.

Ashe tun ranar babbakar katifa Hajja ta yanke shawara. Ba ta yarda ta shanya amanar mutane a jikin katangar da Hisham ke bayanta ba. Da sassafe ita da Fiddausi suka kwashi gadajen kara suka kai kango, nesa da shago, suka jera naman cinya biyu, labu ɗanye sharaf.

"Injiniya," ta ce, "zo ka gani."

Hisham ya matso ya duba fallen ta gaba da baya. Ya ce alhamdu lillahi da jan katako ne, launinsa ɗaya da yaji, a Yawunde babu mai ganewa. Kuma in an bi ta ilimi, katako itace ne, kanumfari ma itace ne, kirfa kuwa ɓawon itace ne zalla.

"Haka ne," in ji Hajja. Ta yago yanki ta miƙa masa. "Ci."

Ya duba jama'a, jama'a suka dube shi. Ya sa a baki. Ya tauna, ya tauna, abin yana ƙaruwa maimakon ya ragu. Brahim kuwa ya riga ya juya ya fara tattara kurfi da guduma yana sawa a akwati, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya kalli kowa ba. Ganin bayan kawunsa a sunkuye ya sa Hisham ya haɗiye da ƙyar, ya yi magana da muryar da ta shaƙe.

"Hajja, a tsakar gida kika ce."

"Me ka ce?"

"Ranar Litinin. Kika ce in ƙwaya ta faɗo a tsakar gidanki. Kango ba tsakar gida ba ne. Ga Sylvain nan, yana wurin."

Sylvain ya ce shi dai ba ya shiga maganar manya, amma kunnensa kafin yau yana ji sosai, kuma tsakar gida ya ji. Hajja ta juya wajen 'yarta. Ta aiki Fiddausi ta duba. Fiddausi ta dawo ta ce tsakar gida fes take, rabon da ta gan ta haka tun kafin a sayi injin fere.

Hajja ta daɗe tana kallon fallen da ke hannunta. Sannan ta ce da ƙafarta ta kai naman inda bututu yake, ba wanda ya aike ta, kuma ba a kan ɗan wannan yaron za ta fara magana biyu ba.

"Brahim, mayar da kayanka. Ka zauna."

Brahim ya fara fito da kayansa daga akwati. Hisham kuwa nan take ya farfaɗo. Ya ce daman lissafinsa ke nan tun farko, a kare tsakar gida, kuma an kare. Ya zaro waya zai nuna yadda bakin bututun Duwala yake, sai garin da ya maƙale masa a wuya ya taso. Tari ya turnuƙe shi. Fiddausi ta miƙo masa kofin ruwa, ya karɓa da hannu biyu, wayar ta koma hannunta.

Ta duba hoton. Ta goge gilashin da gefen mayafi ta sake dubawa.

"Inna, ashe injin biyu ne. Ga wani a hannunsa."

A kusurwar ƙasa ta dama, inda babban yatsa ya saba zama, doguwar tsintsiya ce riƙe a hannun Hisham, da abin kwasar shara jingine a ƙafarsa. Wayar ta zagaya daga hannu zuwa hannu, gilashin bai ce komai ba game da baƙon hannu. Da ta iso wurin Sylvain ya daɗe yana kallo, ya ce wannan kam silansiye ne na asali, ko hanji ba shi da shi.

Brahim ya tashi ya shiga lungun shago, ya fito da tsintsiya da bokiti da buhuna huɗu. Ya ajiye a gaban ɗan 'yar'uwarsa.

"Shekara bakwai ka ce?"

"Bakwai, Kawu."

"To ka fi ni sani. Bismilla."

Wunin ranar a kango Hisham ya yi shi, da cokali a hannu, yana kankare labu daga falle zuwa falle, Hajja tana kwaɓa sabo, Fiddausi tana nuna masa inda ya tsallake tana kiransa Shef. Kilishin bai bi motar Asabar ba, ta Lahadi ya bi. Salansa huɗun suka koma wurin Sylvain, samarin moto suka yi rububinsu, don sun ji abin da za su iya.

Yanzu in ka bi ta gaban shagon za ka ga buhuna jiƙaƙƙu rataye a kan katanga, ƙasa a yayyafe, Hisham yana bin bayan injin fere da tsintsiya, ko ƙwaya ba ta tsere masa. In ka tsaya zai gaya maka tsarin buhun nan daga Duwala ya zo da shi, sai da ya sha fama kafin kawunsa ya yarda. Da Brahim ya kashe inji, sai Hisham ya ja tsintsiyar sau biyu a ƙasa a hankali, ya ɗaga yatsa sama.

"Kun ji wani abu?"